Tanimu Goyon Mota

Ranar da Tanimu ya fara shiga gidan gaba a mota, haƙora uku ya bari a ciki. Tun muna Jihar Sakkwato ne, a akori-kurar Mainasara direba mai ɗaukar busasshen kifi daga Wara zuwa Yelwa. Shanu suka ɓullo daga kwana, Mainasara ya taka birki. Mota ta tsaya, Tanimu bai tsaya ba. Ya je ya gaisa da ƙarfen gaban mota da baki, kwandon kifi kuma ya taso daga baya ya fasa gilashin tsakiya ya same shi a ƙeya, don kada ya yi kewa.

Tanimu mai gyaran taru ne a bakin ruwa, katangarmu ɗaya. Tun yana yaro da haƙori yake yanke zare, bai taɓa riƙe wuƙa ba, ya ce tana ɓata masa ƙulli. Yanzu saura haƙori ɗaya tak a gaba, na sama, shi ma yana ɗan motsi. In ya tafi, sana'a ta tafi. Ga shi zare sai Yelwa, kuma ba ya yarda wani ya zaɓo masa.

Abin da ya fi ci masa rai, shi mutum ne mai ƙarfi. Yakan jawo kwalekwale cike da ruwa shi kaɗai. Ya rantse ya dafe da hannu biyu, hannuwan ne suka lanƙwashe kamar na wani. Kwana bakwai yana zaune a zaure yana lissafi da kumburarren baki. Ya san jirgi in ya hau yashi a hankali yake tsayawa, ba mai faɗuwa. In ya daki dutse kuwa, mai tuƙi ne ke fara isa tudu. To mota ba ta da yashi. Birki kuma ƙafafun mota yake kamawa, bai san da wani Tanimu a ciki ba.

Matarsa Hansatu ce ta gaji da nishinsa.

"Malam, sau nawa nika tuntuɓe da goyo? Ka taɓa ganin ɗa ya wuce ni?"

Ranar kasuwa sai ga Tanimu a tasha da majanyi biyu an ƙulla su waje ɗaya. Ya nemi bel ɗin motar, Mainasara ya ce ai tun bara ya yanke shi yana ɗaure awaki. Tanimu ya zagaya majanyi ta ƙarfen bayan kujera, ya kawo ƙirji, ya yi masa ƙullin da yake ɗaure jirgi. Sannan ya sa aka ɗaure kwanduna.

Maikuɗi dillalin kifi, abokin wasansa, shi ke zaune kusa da shi, shi ya raɗa masa suna.

"Goyon Mota! A kawo maka kunu ko nono? Yaron ga har ya fara haƙori, guda ɗaya!"

Shekara huɗu ana haka. Yara na waƙa, mata na leƙowa. Ni ma na yi nawa, ba zan ɓoye ba. Tanimu yakan ja ƙulli, ya taɓa haƙorinsa da harshe, ya ce bismilla.

Wata rana da damina taya ta fashe kafin Ngaski, mota ta sauka hanya ta rungumi suri. Mainasara ya bar haƙarƙari biyu a jikin sitiyari. Maikuɗi ya fita ta gilashin gaba, aka tsince shi cikin gero, goshi a fashe, hula a rataye a kara. Tanimu na nan zaune, ƙirji ya yi shatar majanyi. Ya taɓa haƙori, yana nan. Ya kwance ƙulli a natse, ya sauko, ya ɗaure wa Maikuɗi goshi da majanyin.

Maikuɗi ya buɗe ido ɗaya, baki bai mutu ba.

"Goyon Mota, Innarka ta sauke ka?"

Tanimu ya ja ƙullin da ƙarfi.

"Ni goya ni kawai ta yi. Kai ko haihuwarka ta yi, kuma barka, da kai ka zo."