Marayun Tumaki da Takardar Baba Gambo

Har gobe ban manta da ranar Litinin ɗin da muka auna marayun tumaki a gonar kiwo da ke bayan garin Hadejia, kan hanyar Auyo ba. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Jigawa ba. Ni mataimakin jami'in kiwo ne a mataki na shida, shekarata biyu da fitowa daga makaranta. Shugabanmu Mista Bitrus ne, mutumin Filato, wanda ya daɗe yana aikin dabbobi a yankin.

Bayan daminar shekarar ciwon hanta ya shiga garkenmu, irin wanda tumaki ke kwasowa a fadama idan ruwa ya janye. Wasu iyayen suka mutu, wasu nononsu ya ƙafe, aka bar mu da 'ya'ya goma sha takwas. Sa'ar da muka yi, duk sun sha dakashi, wato nonon farko mai kauri wanda da wuya ɗa ya rayu in bai same shi ba. Mista Bitrus ya damƙa mini su, ya haɗa ni da Baba Gambo, wani dattijon lebura mutumin Guri, wanda ba a tabbatar da shi a aiki ba.

Ga yadda ake renon. A dama madarar gari da tafasasshen ruwa, a bari ta huce, a ɗiga a bayan hannu a ji ɗuminta, sannan a ba su a bulumboti, wato kwalbar shayarwa, sau huɗu a rana, kaɗan-kaɗan, domin ɗura da yawa lokaci guda na kawo kumburin ciki da zawo. A ware su daga manya saboda cuta. Duk mako biyu a auna nauyinsu. Sai na ƙara da wata doka tawa: kada a ba su komai sai madara har su yi mako shida. A ganina cikinsu bai yi ƙwarin ɗaukar ciyawa ba.

A mako na uku na zo da safe na tarar da shida daga cikinsu a ɗakin tsofaffin tumaki, sun cusa kai cikin kwami suna tsintar ganyen harawa. Na kira Baba Gambo.

Ya ce, "Ni na kai su, Malam. Waɗannan shidan ƙasa suke lasa, suna tauna igiya. Bakinsu ne ke neman aiki, maraya kuwa ba shi da mai koya masa ci."

Na ce, "Baba, ni aka ba su ko kai?"

Ya ce, "Kai ne, Malam."

Bayan kwana biyu na sake ganinsu a can. Raina ya ɓaci, na rubuta takardar ƙara, na nemi a sallame shi saboda ƙin bin umarni. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, leburan da ba a tabbatar ba takarda ɗaya ta isa ta raba shi da aikinsa. Mista Bitrus ya karanta, ya sa a aljihun tebur.

Ya ce, "Yaushe ne awo?"

Na ce, "Litinin, ranka ya daɗe."

"To mu jira Litinin."

Ranar muka rataye sikeli a reshen tsamiya, Baba Gambo yana sa su cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa. Nawa goma sha biyun sumul suke, gashi na sheƙi. Amma da aka zo kan shidan nan, kowanne ya ɗara mafi nauyin nawa. Na ce a sake. Aka sake, allurar sikeli ba ta sauya magana ba.

Mista Bitrus bai ɗaga murya ba. Ya tuna mini cewa madara ba ta gina tumbin ɗan tunkiya, sai ya fara cin dusa da ganye tumbin ke buɗewa, kuma wanda bai fara da wuri ba yakan sha wuya ranar yaye. Ya ce, "An koya muku wannan, ka dai manta." Sannan ya juya ga dattijon. "Baba, ka yi daidai wajen ci, amma ka yi kuskure wajen ɗaki. Da sun kwaso cuta fa?" Ya ba da umarni a zaɓi tsohuwar tunkiya ɗaya mai lafiya, a ba ta magani, a sa ta cikin marayun su riƙa koyi da ita. A ajiye musu ganyen harawa, dusa da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da ruwa mai tsabta.

Daga nan ya miƙo mini takardata ya ce, "Kai ka rubuta, kai ka san yadda za ka yi da ita."

Baba Gambo bai iya karatun boko ba. Ya ce, "Takardar mece ce, Malam?"

Da na so sai in ce ta awo ce. Amma na faɗa masa gaskiya, na yaga ta a gabansa, na roƙe shi gafara. Sai ya ce, "'Ya'yana bakwai, Malam." Ya sunkuya ya kwance buhun, ya tafi wanke kwalabe.

Da aka zo yaye, shidan nan ko a jikinsu. Nawa kuwa suka rame, biyu suka mutu. Goma sha shida suka girma. Mun ƙara shekara biyar tare da Baba Gambo, bai taɓa tayar da maganar ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu shigowa aiki yanzu: ku sa wa marayu abinci a gabansu tun mako na biyu, kuma kada ku yarda da sheƙin gashi sai kun auna. In lebura ya saɓa muku, ku tambaye shi me ya gani kafin ku ɗauki biro. Rubuta takarda minti goma ne, amma gidan mutum guda ne a ƙarƙashinta.