Ranar da na ce "ɗana" a gaban mutane

Shekarun baya, Nasara ba su daɗe da zama a Keffi ba, aka buɗe makarantar boko. Mai unguwa ya bi gida-gida yana neman yara. Mijina ya rasu, ƙaninsa ke riƙe da mu a Jigwada. Ya ɓoye nasa 'ya'yan, ya miƙa ɗana na fari.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Kunya ce. In zan ba shi tuwo sai in ajiye in ce, "A zo a ɗauka." Don haka ban hana a kai shi ba.

Wata rana ana cin abinci sai yaron ya ce malaminsu ya ce dabbobi ba haka suke tun fil'azal ba, suna sauyawa a hankali, har wasu Turawa na cewa mutum da biri kakansu ɗaya. Wai malam ya ce kada su karɓi magana sai sun tambayi hujja. Sai ya dubi baffan nasa ya ce, "Baffa, mu mece ce hujjarmu?"

Daga madafa na ji ƙarar marin. Baffan ya ce ranar kasuwa zai kai shi ruga a Gitata, ya bi shanu har boko ya fita daga kansa. Ni ma ban so maganar birin ba, har yau ba na sonta. Amma na ga yadda yaron nan ke tashi tun asuba ya wanke ƙafa, yana rawar jikin tafiya makaranta.

Washegari na ɗauki ƙwaryar nono na tsaya a bakin makarantar har malamin ya fito.

"Malam, kai ka ce wancan yaron jikan biri ne?"

"Inna, ban ce ya yarda ba. Cewa na yi ya tambaya."

"Ya tambayi wa? Baffansa da hannu yake amsawa, ni kuwa ba na magana da shi."

Ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya kyauta. Ko nonon bai saya ba.

Ranar kasuwa baffan ya ɗaure wa yaron tabarma, mata sun cika tsakar gida. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ka bar mini ɗana. Kai ka kai shi, ba kai za ka cire shi ba."

Wata tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "Ɗana? Oh ni, duniya ta zo ƙarshe!" Baffan ya jefar da tabarmar ya fice, kunyar da ban ji ba ta kama shi. Na daɗe in na sauke ƙwarya a kasuwa ana zunɗena, ana cewa ga mai ɗa nan.

Yaron ya ƙare makarantarsa lafiya. Sai dai tun daga marin nan bai sake kawo tambaya gida ba, gaisuwa kawai, ya wuce. Na gaji da tunanin wa ke da gaskiya tsakanin malamin da baffan. Na dai san na tsare masa makaranta, ban iya tsare masa bakinsa ba.