Tawadar da Na Narka a Gwangwani

A ranin da ya biyo bayan daminar da ta ɗauke tun gero bai yi kai ba, lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ina da shago a bakin tashar Matameye. Ina sayar da littattafan lakkol na 'yan makaranta da batir da katin waya, ina yi wa mutane fotokopi. Abin da na fi sauran masu shago da shi wani mashin ne na buga takarda mai launi, wanda na saya a gwanjon wani biro, wato ofis, da aka rufe a Damagaram. Tawadarsa ba ruwa ba ce. Dunƙule take kamar sabulu, kala huɗu, baƙi da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, kowace da raminta. Mashin ɗin ke narkar da ita a cikinsa ya shafa a takarda, ta fito da ɗumi tana ƙyalli.

Mazanmu sun saba tafiya cin rani Najeriya, amma a wannan shekara sun tafi da wuri, sun kuma tafi da yawa. Sai wata al'ada ta samu. Mutum zai shiga gidan hoto a Kano ko Ikko, ya ari babbar riga a ɗauke shi, ya ba direba ɗan katin da hoton ke ciki ya kawo gida. Shaida ce cewa yana ci yana sha. Ranar kasuwa mata daga Tsauni da Dawce su zo da katin ƙulle a bakin zane, in fitar musu.

Mashin ɗin yana da hali guda mai ciwo. Duk sanda aka ɗauke wuta aka maido, sai ya wanke kansa ya zubar da tawada a wani ɗan faranti da ke ƙasansa, wuta kuwa lokacin zafi ba ta da alkawari. Ni da tallan ashana a tire na fara, ban iya zubar da abu ba, balle a shekarar da mata ke tuƙa dusa. Da jar tawada ta rage mini dunƙule ɗaya tak, wanda na ɓoye a gindin randa don sanyi, sai na kankare farantin, na tsince guntayen da suka fi kama da ja, na narka a gwangwanin tumatir, na juye a gwangwanin kifi. Da ya daskare na fere shi da wuƙa har ya shiga ramin. Ranar na yaba wa kaina ƙwarai.

Kwana biyu bayan haka katin ƙanena ya iso daga Ikko. Shi ne autanmu, wata bakwai rabon Inna da ganinsa. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika kallona ido da ido ba. Shi kuwa auta, a bainar jama'a take shafa masa kai. Na buga hoton cikin hanzari, ana kiran la'asar, na sa a ambulan na kai mata ban duba ba.

Ta fitar, ta matsa bakin ƙofa wajen haske. Ta daɗe tana duba shi.

"Mai shago," ta ce, haka take kirana, "yaron nan ba shi da lafiya."

Na karɓa na duba. Rigar da ya kamata ta zama ja ta koma kalar laka, fuskarsa ta yi toka-toka da tsanwa a kumatu, leɓɓansa kamar na wanda ya yi wata a kwance.

"Inna, mashin ne. Jiya ma mun yi waya, lafiyarsa lau."

"Murya ai tana ɓoye ciwo. Hoton da ka yi wa matar maƙwabta wancan mako, me ya sa mijinta bai fito haka ba?"

Daga ranar ta daina cin abinci sosai. Tuwon da muke samu da ƙyar sai ta ture wa jikoki, ta ce ita ta ƙoshi. Na haɗa ta da shi a waya, ya rantse, ya yi dariya, ta ce dariyar ma ba tasa ba ce. Ta fara tambayar direbobi kwana nawa ake yi zuwa Ikko, tsohuwar da ko Kance da ke nan kusa ba ta zuwa sai da dalili.

Na kira wani dattijo mai gyaran irin waɗannan injuna a Damagaram, na ce masa fuskokin mutane na fitowa kamar na gawa.

"Ka ɗaga shi yana da zafi? In ka girgiza shi kalolin na gauraya."

"Ban taɓa shi ba, Malam."

"To me ka ba shi ya ci?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari.

"Amansa ka mayar masa! Ku mutanen Matameye, wata rana sai kun tatsi jaki. Abin da ke farantin nan duk kala huɗun ne a haɗe, ko da idonka ya ga ja. Zaro ragowar, ka sa ta gaske, ka yi ta buga takarda ja zalla har ta fito tas."

"Dunƙule ɗaya ya rage mini, kuma ba a samu sai an aika Kano an jira."

"Zai cinye ta kusan duka. Kai ka san abin da ka fi so."

Na sani. Washegari da hantsi, da wuta ta zo, na ɗauko dunƙulen daga gindin randa. Takardun farko suka fito kalar hanta, na bi da wasu, suka koma kalar tubali, ina tsaye ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Sai wajen azahar wata ta fito ja wur kamar barkono. Na sa hoton. Ga autanmu, baƙi mai sheƙi kamar yadda Allah ya yi shi, da wushiryarsa, da rigar aro da ta yi masa yawa a kafaɗa.

Inna ta kai shi bakin ƙofa kamar na farko. Ta sa babban yatsa ta shafa kumatunsa.

"Ya rame," ta ce, "amma jininsa na nan." Can ta ɗago ta dube ni, ni ɗin, ta ce, "Akwai sauran fura?"

Sauran ranin nan ban ƙara buga hoto mai launi ba, matan ƙauye suka koma aikawa Damagaram. Auta bai dawo da damina ba. Ya samu aiki, ya yi aure can, zuwansa ya koma daga wannan Salla sai wata. Inna ta rasu bayan shekara uku, yana hanya aka rufe ta.

Da muka buɗe kwallarta na ga hoton naɗe a ɗankwali. Irin wannan tawada a saman takarda take zama, ba ta shiga ciki. Rigar tana nan da janta, hular ma haka, amma fuskar ta goge sai farar takarda, daidai faɗin babban yatsa. Katin ya ɓata tuni, mashin ɗin ma na sayar wa masu awon ƙarfe. Yanzu ƙanena kan turo mini hotunansa a waya, ya yi ƙiba ya yi furfura. Nakan duba in ajiye, in jawo aljihun tebur in ɗauko wancan.