Kunkurun Mala Abbakar da Kat-kat Goma Sha Ɗaya

Bari in fara da yabon waɗanda suka cancanci yabo. Ranar Laraba da safe, da aka fito da gawar Mala Abbakar makanike, na ƙirga kat-kat goma sha ɗaya a ƙofar gidansa, manyan motocin nan masu shiga rairayi, kowace an wanke ta tana ƙyalli, kowace tayarta ta kusa kai min ƙugu. Masu su sun zo da manyan riguna, har da 'yar jayayya a kan wanda za a sa makara a bayan motarsa. Irin wannan zumunci ba kowane gari ake samunsa ba. Allah ya saka musu daidai da abin da suka yi.

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Mala Abbakar ya rasu ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2020, bayan la'asar, a kan kwaltar da ta taso daga Gagamari zuwa Diffa, yana da shekara hamsin da huɗu. Ya bar matarsa Ya Kaltum da 'ya'ya biyar. Ya bar kuma motar da duk garin nan ya yi wa dariya, ni ma ina ciki, kuma ba a baya nake ba.

Mala, ni dillalin tattasai ne, aikina in ga kaya in faɗi darajarsu, kuma ban cika yin kuskure ba. Amma a kan motarka na yi kuskure. Shekara takwas tana ɗauko min buhunan tattasai daga bakin kogin Komadugu lokacin tana da tsayinta, fara sol, ba ramin da ke tsayar da ita. Sai shekarar 2015 ta zo, mutanen daji masu bindiga suka taɓa Bosso, suka taɓa Diffa, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, kuma kowa ya gane cewa babu abin da masu bindigar nan suke so kamar mota mai tsayi. A shekarar aka tare yayanka Babagana da tasa kat-kat ɗin a hanyar gona. Motar ba ta dawo ba, shi ma bai dawo ba, ko hularsa ba a tsinta ba.

Kwana arba'in da haka ka shigar da taka garejinka ka ja ƙofa. Mun ji ƙarar guduma da ta walda har sati uku. Ka zare rabin ƙarafan sifirin ɗinta, ka yanke abin da ya rage. Ka kwance ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ka sayar wa maƙera. Ka cire manyan tayoyin rairayi ka sa mata sirara irin na ƙaramar mota. Da ka ga ta riga ta lalace a idon mutane, sai ka ce bari ta lalace da kyau: ka shafe ta da jan fenti kamar busasshen tattasai, ka raba salansar hayaƙi biyu ka fito da su ta gefe, ka taɓa injin yadda in ta hau kwalta sai dai a ga bayanta. Ranar da ka fito da ita, cikinta da ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba. Kafin ka kai kasuwa an riga an raɗa mata suna Kunkuru.

Ni ne na tare ka a bakin rumfata na ce, "Mala, raƙumi ka samu ka mayar da shi agwagwa? Wannan ko kashin jaki ta taka sai an tura."

Ka leƙo ta taga ka ce, "Alhaji, kai da ke sayar da kaya, ka taɓa ganin an yi wa mutum fashin abin da ba a so?"

Na yi dariya, 'yan rumfa suka taya ni. Ba mu fahimce ka ba sai bayan wata bakwai, ranar da wasu mutum huɗu da bindigogi suka tsayar da kai da rana tsaka a kan kwalta. Kai da bakinka ka ba mu labari, kana shan shayi kamar ba kai ba. Sun zagaya motar sau biyu, ɗaya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya tambaye ka wa ya yi mata wannan wulaƙanci. Ka ce kai ne. Ya ce Allah ya shirye ka, ka wuce. A watan nan kaɗai mutum uku na sani da aka raba da motocinsu, ɗaya har da ransa. Kai ka kwana a gidanka, Ya Kaltum ta zuba maka tuwo.

Daga baya ma Kunkuru ta sami aikin da ba ka shirya mata ba. Da mutanen ƙauyukan bakin kogi da na tsallaken Najeriya suka watso suka kafa bukkoki a gefen kwalta, sai ya zama ita ce motar tsofaffi. Babbar mota sai an ɗaga tsohuwa kamar buhu kafin ta hau, zani na kwancewa, maza na kallo. Taka kuwa mace za ta juya baya ta zauna a kanta kamar bakin gado. Hajja Fati, wata tsohuwa da ta gudo daga Damasak da ciwon gwiwa, ta ce min tun da ta bar gida ba a taɓa ɗaukar ta da mutunci ba sai a motarka. Masu naƙuda nawa ka kai asibiti, gawa nawa ka kai maƙabarta, kai ma ba ka riƙe ba. Sojojin da ke shingen shiga gari tun daga nesa suke jin rurin salansarka su san kai ne, ba mai ɗaga bindiga. Abin da muka kira hauka, shi ya zama takardar shaidarka.

Abu ɗaya ne Kunkuru ba ta iyawa, kai ma ka sani: ba ta sauka daga kwalta. Da aka sake buɗe noman tattasai ka koma gonar da Babagana ya bari a bakin kogi, saboda marayunsa. Kullum sai ka ajiye motar a gindin wata aduwa kusa da Gagamari, ka bi amalanken shanun Nasidi, maƙwabcin gonarku, kilomita tara cikin rairayi.

Ranar Talatar nan da hantsi, ka sunkuya za ka tayar da injin ban-ruwa, ka yanke jiki ka faɗi. Nasidi ya kira Ya Kaltum a waya, ita kuma ta zo rumfata ba ko takalmi. Ta ce, "Alhaji, mai gidan ya faɗi a gona, ba ya magana. A samo mana mota mai shiga rairayi." Ni tawa na sayar tun shekarar tsoro. Muka kama hanya ni da ita, gida gida, gareji gareji, wurin mutanen da duk kai kake kwanciya ƙarƙashin motocinsu.

Ban san Diffa na fama da annobar motoci ba sai ranar. Na farko ya ce tayarsa ta yi faci. Na biyu ya ce direba ya tafi da makulli. Wani ya ce 'yan agaji sun ɗauki hayarta, alhali ga ta nan a inuwa kaji na kwance ƙarƙashinta. Wani ya ce batir. Mutum ɗaya ne ya dubi Ya Kaltum ya ce, "Ki yafe min, tsoro nake ji, bakin kogi ba wurin kai irin wannan mota ba ne." Shi kam na ga girmansa, domin tsoron gaskiya ne, kowa na da iyali. Da sauran ma haka suka faɗa, da ba mu ɓata awa biyu muna jiran a nemo makulli ba.

Da muka ga babu, sai muka shiga motar haya zuwa Gagamari, muka tsaya a gindin aduwar nan kusa da Kunkuru, muna duban hanyar rairayi. Nasidi ya ɗora ka a amalanke ya taho, shanu kuwa ba su san gaggawa ba. Azahar ta wuce muna tsaye. Ya Kaltum ta dafa bayan motar, ba ta zauna ba, ba ta yi kuka ba, sai ɗankwalinta da take ta shafe ƙurar fentin da shi. Da suka iso, idonka biyu amma bakinka ya karkace. Ni da Nasidi muka sauke ka muka kwantar a bayan Kunkuru, kuma ko a nan sai da ka sauƙaƙa mana, domin ba mu ɗaga ka sama ba. Na laluba aljihunka na ɗauki makulli.

Shekara biyar ina yi wa injin nan ba'a, ranar na taka shi har ƙasa. Ban taɓa gudu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Bishiyoyi da bukkoki suka zama abu ɗaya. Sojoji sun ji mu tun daga nesa, sun ɗage shinge kafin mu iso. Amma kafin mu kai gare su Ya Kaltum ta buga gilashin baya da tafin hannu, sau biyu, a hankali. Na gane. Na ɗage ƙafa, muka shiga gari a tafiyar kunkuru ta gaske.

Ban ce da wata mota ta je da ka rayu ba. Ajali na Allah ne, ba a gabatar da shi, ba a jinkirta shi. Abin da na gani kawai na rubuta. Na ga kuma da safe, da masu manyan riguna suke jayayyar ɗaukar makara, Ya Kaltum ta aiko daga cikin gida cewa a motar mai gidanta za a kai shi. Haka aka yi. Kunkuru a gaba, goma sha ɗaya a baya, dole suna bin ta a hankali a kowane tudu.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Abbakar, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya sauko da motarsa ƙasa har raunana suka iya hawa, ka sauko masa da rahamarka. Ka haɗa shi da ɗan'uwansa Babagana a gidan aminci, inda ba a tare hanya. Ina miƙa ta'aziyya ga Ya Kaltum da 'ya'yanta, da marayun Babagana da suka sake zama marayu, da Nasidi, da tsofaffin gefen kwalta waɗanda har yanzu suke kasa kunne ko za su ji rurin nan. Allah ya ba mu haƙuri, ya dawo mana da zaman lafiya a bakin Komadugu, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura tambaya ɗaya da ta dame ni, ko wani mai ilmin mota zai taimaka min. Babban makaniken garin nan ya rasu ranar Talata da la'asar, garejinsa a rufe. To wane ne ya gyara kat-kat goma sha ɗaya kafin safiyar Laraba?