Ranar da Mesiyo Ya Zo Gaida Babana

Wata Litinin a shekarar 1974, washegarin ruwan da ya cika gotar Nima, babbar kwatar unguwarmu, har ya tafi da gadar katako, hedimasta ya shigo ajinmu na huɗu da wani siririn mutum mai farar riga, ya ce daga yau za a riƙa koya mana Faransanci. Mutumin Togo ne, mu dai Mesiyo muke ce masa. Ya tambaya ko akwai wanda iyayensa suka fito daga Faransi, yadda muke kiran Nijar da maƙwabtanta a Zongo. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ni kuwa da ban taɓa ɗaga hannu a lissafi ko karatu ba, na ga yau ga tambayar da na san amsarta. Na miƙe har da buga ƙirji, na ce babana mutumin Nijar ne.

Sai da na zauna na gane ɓarnar da na yi. Shekara biyar kafin nan an kori baƙin da ba su da takarda, rabin gidanmu na haya ya watse a bayan manyan motoci. Baba ya ƙi tafiya, ya zauna da buhunan albasarsa, duk wanda ya tambaya sai ya ce shi ɗan Bawku ne, wato ɗan ƙasa. Gargaɗinsa kullum ɗaya ne: "Maganar gida ta tsaya a gida." Ga shi na kai ta har gaban allo.

Mesiyo ya yi murna kamar ya tsinci ɗan'uwa, ya ce zai zo ya gaida Baba su sha hira. Na ce Baba ya tafi Kumasi. Mako na gaba na ce ƙafarsa ta kumbura. Na uku na kashe masa wata gwaggo da ba a taɓa haifa ba. Mesiyo ya ce ba komai, tunda harshen yana cikin jinina, shi zai fito da shi. Da an buga ƙararrawar tara sai ya riƙe ni a aji. Ta ramukan bulon taga nake hangen su Awudu suna buga ƙwallon tsumma, ƙanshin wake da shinkafar Hajiya mai tebur yana shigowa, ni kuwa ina nanata sunayen ranaku da gaɓoɓin jiki, harshena kamar zai karye. In na koma gida na ɗebo ruwa a famfo, na tsince ruɓaɓɓiyar albasa, na kwanta da abina a ciki. In gaya wa Baba ba dama, in hana Mesiyo zuwa ba dama. Abin haushi, sai na fara iyawa. Na zo na ɗaya a Faransanci, karo na farko kuma na ƙarshe da na yi na ɗaya a wani abu ban da cin ƙosai.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a rumfar Baba a kasuwa, sai ga farar riga. Mesiyo ya rusuna ya zubo gaisuwa da Faransanci a gaban mahauta da masu goro, kowa ya juyo. Baba bai ɗago ba sai da ya gama kasa albasar gabansa. Ya ce, "Malam, ni ɗan Bawku ne, ban ji abin da kake faɗa ba." Mesiyo ya dubi zanen fuskar Baba, ya dubi mutanen da suka kasa kunne, ya gane. Sannan ya ce da guntuwar Hausarsa, "To, maigida, yaronka maƙaryaci ne." Baba ya ce, "Ai tun yana goye." Kasuwa ta kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na karɓi sunan, don babu wata ƙofar fita sai wannan.

Baba bai dake ni ba. Ranar Litinin dai ya ce in rataye jaka in bi shi rumfa, kuma daga nan ban sake taka aji ba.

Yanzu jikata Ramatu tana aji huɗu a Maamobi, maƙwabciyar unguwarmu. Ta gaya wa malamarsu kakan babanta mutumin Nijar ne, aka tafa mata, ta dawo tana ba ni labari tana cin gyaɗa. Ba wanda ya ji tsoron kora. In tana bitar Faransanci a tsakar gida nakan matsa kusa, ina gyaɗa kai kamar babban malami, alhali rabi ma ba na kamawa. Da an bar ni shekara ɗaya tak, da yanzu ni nake gyara mata.