Matar da Ta Gane Malachy a Cikin Kara

A bakin kakata Dympna, wadda muke kira Nana, na fara jin sunan Attracta Gilhooly. Ina ƙarama na dawo daga makaranta da tuffa a hannu, na ce wata tsohuwa ce ta ba ni a ƙofar coci. Nana ta ajiye wuƙar feraye dankali.

"Doguwa, mai baƙin keke? Miƙo nan." Ta cilla wa kaji tuffar. "Attracta ba ta kyauta sai in ta hango na wani."

Sai da na girma na tattara labarin, rabi daga mahaifiyata, rabi daga tsofaffin ƙauyenmu da ke bakin tafkin Allen. Mahaifin Attracta rufin ɗakin ciyawa yake yi, kuma a hannunsa ta koyi sarrafa karan hatsi. Tun tana budurwa ita ke saƙa wa samari hulunan daren Halowin, bikin ɓad da kama na ƙarshen Oktoba, dogayen nan masu tsini da ke rufe fuska har kafaɗa. Da faɗuwar rana sai su bi gida gida ba mai magana, 'yan mata su yi ta dubansu. Wanda aka kira sunansa daidai ya cire hula ya yi rawa da wadda ta gane shi. Washegari a shimfiɗa wa shanu karan, daga baya ya koma gona taki.

Shekarar da aka sa ranar Nana da kakana Malachy, samarin suka shigo gidan su Nana. Kowa ya zuba mata ido. Ta zagaya su, ta leƙa takalma, ta dubi hannaye, sannan ta dafa wani ta ce, "Ga nawa." Aka ɗaga hula, sai ga Packie mahauci yana washe giɓi. Attracta ko tashi ba ta yi daga kujera ba. Ta nuna na bakin ƙofa ta ce, "Malachy Tansey, cire abin nan kafin zafi ya kashe ka." Shi ne kuwa. Ya yi rawa da ita, Nana tana tsaye da butar shayi.

An yi bikin lafiya, an haifi 'ya'ya, Malachy bai taɓa kallon wata ba har ya rasu. Duk da haka abin bai bar Nana ba. Ko tana shanya sai ka ji ta ce, "Ta yaya wata za ta san mijinka fiye da ke? Me ta gani da ni ban gani ba?"

Attracta ba ta yi aure ba. Ta yi jinyar uwarta, ta yi girki a makarantar ƙauye, tana sayar da ƙwai. Sana'ar hular kuwa ta mutu da kayan kanti suka shigo, fuskokin roba da rigunan leda da ake sawa dare ɗaya a yar. Kowace shekara iska ta kwashe su ta zube a bakin tafki. Da saniyar wani maƙwabcinmu ta haɗiyi fuskar roba ta mutu, aka yi taro a zauren coci aka yanke cewa bana ba roba: tsofaffin tufafi, fitilar kabewa da za a yi miya da cikinta, da hulunan kara irin na da. Aka duba, ba wanda ya rage ya iya saƙar sai Attracta, ita kuma yatsunta sun ƙage. Ana neman mai aron hannu, na ce ni zan je.

"Da can mijina, yanzu jikata," in ji Nana. "Ki tambaye ta ko tana son karen ma."

Ga wata matsala. Injin girbi yana kakkarya kara, saƙa kuwa sai da dogo wanda aka yanka da lauje. A duk ƙauyen, ɗan filin bayan gidanmu kaɗai ake yanka haka, don Nana ta ƙi barin inji ya shiga inda Malachy ya saba shukawa. Attracta ta turo kekenta har ƙofarmu da kanta.

"Dympna, kin yi ƙiba. Zaman takaba ya karɓe ki."

"Ke kuma har yanzu kamar sandar shanya. Me ya kawo ki?"

"Kara nake so, na yara."

"Kullum dai abin gidana kike so."

"To ai naki ne ke da kyau. Ko in je in gaya wa Fada, limamin coci, kin fi son shanu su ci gaba da mutuwa?"

Nana ta ba da dami, amma ta zaɓi mafi gajarta.

Haka na yi ta zuwa ɗakin girkin Attracta da yamma, tana faɗa ina saƙawa. "A jiƙa shi tukuna, Clodagh, ba gashin kanki ba ne da za ki ja yadda kika ga dama." A nan na gane kishin ba gefe ɗaya yake ba. Tagarta tana kallon gidanmu. Ta san motocin 'ya'yan Nana ɗaya bayan ɗaya. Takan ce, "Jiya na ga 'ya'yanta na birnin Galway sun zo. Me ta dafa musu? Ai Dympna ba ta taɓa iya gasa burodi ba." Sai ta ci gaba da murza kara a cinya. In na koma gida kuma Nana ta shinshina rigata ta ce, "Ta ba ki shayi a kofin baƙi ko? Munafuka."

Ana saura kwana kaɗan Halowin, Attracta ta koya mini ɗaurin tsinin hula. Duk zuwa dama ake murɗa shi. Na yi kuskure na murɗa ɗaya hagu, zan kwance, ta riƙe hannuna.

"Bar shi. Ni ma na taɓa murɗa ɗaya hagu, da gangan." Ta dubi taga. "Ni na miƙa wa kakanki hularsa da hannuna a waccan shekarar. Kina tsammanin ana gane mutum a cikin buhun kara? Ko uwarsa ba za ta gane shi ba."

Na saki baki. Na ce, "Mis Gilhooly, Nana fa har yau abin nan yana cin ta. Bari in je in faɗa mata, ta huta."

Ta ƙara matse mini hannu da yatsun nan nata masu ƙulli.

"Ke 'yar nan, zauna. Ita ta samu mijin, ta samu 'ya'ya, ƙofarta cike da motoci, har ke ma tata ce. Ni rawa ɗaya na samu, sai kallon da take yi mini a coci kowace Lahadi kamar na san wani abu. Muddin muna raye, ni da ita, kar ki gaya mata. Ki bar mini wannan."