Tsakuwoyin Malam

Watana biyu da tarewa a Limawa na yi wa maigidana Malam, Allah ya jiƙan sa, ɓarnar da ya yi ta tsokana ta da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Kano ba. Wani daga cikinsu ya sauka a gindin duwatsunmu da guduma da buhuna, aka yi shela cewa kowane gida ya ba da irin duwatsun da yake da su. Malam yana gona ɗan aiken hakimi ya yi sallama. Na tuna da wata 'yar ƙwarya cike da tsakuwa masu santsi a ɗakinsa, wadda kullum ke tare min shara. Na juye masa, ina murna na rage tarkace.

Da la'asar Malam ya fito riƙe da ƙwaryar.

"Baiwar Allah, ina wuridina?"

Ashe da su yake ƙirga wuridinsa safe da yamma, ɗari cif. Malamin da ya ba shi ɗariƙa ne ya tsinto masa su da hannunsa, kuma malamin ya riga ya rasu. Na fashe da kuka. Ya ce in bari, kada miyar ta yi gishiri biyu.

Washegari ya ɗauki sanda ya nufi zangon Baturen. Sauran labarin daga bakinsa na ji. Ya tarar da mutumin a tsugune, ya jera tsakuwoyin a kan zane yana leƙa su da gilashi. Tafinta ya ce silsilar duwatsu yake bi, yana son ya san wanne ya fito daga wanne. Malam ya ce a faɗa masa shi ma yana da silsila, ta malamai, daga wannan zuwa wancan, kuma ta hannunsu tsakuwoyin suka zo masa. Baturen ya rubuta wani abu, ya tambaya ko akwai kuza a wurin da aka tsinto su.

"Na ce masa, ranka ya daɗe, ni lada na sani," in ji Malam.

Aka tattara masa su. Sai dai Baturen ya riga ya fasa guda da gudumarsa. Malam ya dawo kafin azahar, ya zauna a tabarma ya ƙirga a gabana. Ɗari da ɗaya.

Na ce ya yafe min.

"Me kika yi? Kin aika ɗari sun dawo da riba." Ya ɗauki ɓari guda ya sa min a tafin hannu. "Riƙe wannan, kada in zarce. In kin sake ganin tarkace a ɗakina, ki bari in dawo daga gona."